Ranar da Ciyawar Gidan Shugaba ta Ƙone

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin lambu a wata makarantar gwamnati a Ƙauran Namoda, amma ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce wata Litinin cikin damina, saura shekara uku in yi ritaya. Na dawo daga ta'aziyya a Zurmi, na shigo da kekena ta ƙofar gidajen ma'aikata, sai na tarar filin ciyawar da ke gaban gidan Shugaban makaranta, wanda na bari kore shar ranar Juma'a, ya yi jawur kamar wuta ta bi ta kansa. Tunda kun ce in ba ku labarin, ku da kuka shigo aikin bayanmu, bari in faro daga yadda ciyawar ta zo.

Sashenmu shi ne sashen gyare-gyare. Can ƙasa akwai leburorin wucin gadi, waɗanda ba su da fayil, sunansu a wani littafi kawai yake, in an ce gobe kada su zo to aiki ya ƙare. Sama da su akwai leburori na dindindin da masu lambu, sai hedman, wato ni, mai raba aiki da safe ya duba shi da yamma. Sama da ni jami'in gyare-gyare ne, sama da shi Magatakarda, sannan Shugaba. A ƙa'ida, duk aikin da zai ci kaya daga sito, ko ƙusa ɗaya ce, sai jami'i ya cika takardar aiki ya sa hannu, mai sito ya ajiye kwafi ɗaya, hedman ya riƙe ɗaya. Amma takardun kan ƙare tun kafin damina, daga nan sai a koma yin komai da baki.

Jami'inmu a lokacin Malam Nasiru ne, ɗan gidan malamai a cikin gari, ya karanci gine-gine, muna kiransa Injiniya. Ba mugun mutum ba ne. Yana zuwa aiki a kan lokaci, ya san siminti, ya san rodi, kuma bai taɓa zagin kowa ba. Ciyawa ce dai bai sani ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa hakan.

Shekarar da ta gabaci wannan aka kawo mana sabon Shugaba, mutumin wajen Zariya, wanda ya yi zama a ƙasar waje. Da ya ga gaban gidansa tsakuwa ce da dogon yaro guda biyu, sai ya ce yana son ciyawa irin wadda ake zama a kai a sha shayi. Aka kawo ta daga Kaduna a babbar mota, an yanko ta fala-fala da ƙasarta kamar tabarmi, haɗe da takarda mai ɗauke da sunanta da Turanci. Mu huɗu muka sauke ta.

Cikin mu huɗun akwai Sambo. Bafulatani ne daga wajen Kurya Madaro, gemunsa ya fara fari. Ɓarayin daji suka kore masa shanu, ya kwaso iyalinsa ya dawo Ƙaura, aka ɗauke shi leburan wucin gadi. Ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa ba shi aiki na dawo na tarar bai yi ba. Da ya ɗaga fallen farko sai ya juya shi ya duba saiwar, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Hedman, wagga ai kiri-kiri ta."

Ni ma na riga na gani. Ni ɗan ƙauyen Banga ne, da tumɓuke kiri-kiri a gonar mahaifina na tashi, kuma ban taɓa gamawa ba. Na ce masa ya ajiye a hankali, a takarda ba sunanta ke nan ba, mu kuma ba a tambaye mu ba. Muka shimfiɗa ta, muka ba ta ruwa safe da yamma. Ta kama, don kiri-kiri ba ta taɓa ƙin kamawa ba. Shugaba ya ji daɗi, har yakan fito da kujera bayan la'asar.

Laifin farko nawa ne, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Dab da saukar ruwa na so ciyawar ta ƙara duhu, sai na sa aka kwaso min takin shanu daga kara, kasuwar dabbobi, aka barbaɗa. Takin shanu in bai kwanta ya ruɓe ba, duk irin ciyawar da saniyar ta ci yana nan ciki da ransa. Na san haka, gaggawa ce ta ja ni. Ruwa na sauka sau uku sai ga harkiya ta ko'ina. Ga wanda bai san ta ba, ganyenta ya fi na kiri-kiri faɗi da haske, kuma ba ta miƙewa sama, kwanciya take ta baza hannuwa ta danne na kusa da ita, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Ga mai dabba arziki ce. A gaban gidan Shugaba kuwa sai filin ya zama kamar rigar da aka yi wa faci da yadi daban.

Maganinta hannu ne. A bari ruwa ya jiƙa ƙasa, mutum ya tsuguna da 'yar wuƙa ya ciro ta da saiwarta tun ba ta fitar da kai ta zubar da iri ba. Na lissafa mutum huɗu za su gama cikin mako biyu, muka kuwa fara. Muna kwana na uku sai sanarwa ta fito cewa majalisar gudanarwar makaranta za ta zo zama nan da mako huɗu, kuma a filin za a kafa rumfa su ci abincin rana. Shugaba ya kira Malam Nasiru ya ce ba ya son ya ga ko ganye ɗaya da ba na ciyawarsa ba.

Ranar Alhamis Malam Nasiru ya zo ya tsaya a kanmu. Ya ce me ya sa ƙarti huɗu za su tsuguna kamar masu tsintar shinkafa, alhali akwai sauran maganin feshi a sito, wanda aka share gindin katanga da shi bara. Na ce wannan maganin ba na nan ba ne. Ya ce ya karanta jikin galan ɗin, an rubuta yana kashe muguwar ciyawa.

Na ce, "Injiniya, shi maganin bai san wadda anka sawo da wadda ta zo da kanta ba."

Ya ce ni dai na saba da aikin da, shi ya sa. Na ce to in ya yanke a yi, ya cika takardar aiki ya sa hannu, sai a yi. Ya ce takardu sun ƙare, ya juya ya tafi. Na ɗauka maganar ta mutu a nan.

Washegari Juma'a aka aiko min ƙanin mahaifiyata ya rasu a Zurmi. Na sami Malam Nasiru a ƙofar ofis na gaya masa, ya yi min ta'aziyya, ya ce in tafi, Allah ya jiƙansa. Kun san hanyar Zurmi yadda take, da rana tsaka ake bin ta, ba a kuma yin sammako ko yamma. Sai na zauna aka yi sadakar uku, na kamo hanya ranar Litinin.

Abin da ya faru a bayana daga baya na ji shi. Ranar Asabar Sambo ne ke kan aikin ban ruwa, shi kaɗai. Malam Nasiru ya kira shi, ya sa mai sito ya ba shi galan da tankin feshi na goyo, ya ce ya feshe filin kaf. Sambo ya ce a jira Hedman. Malam Nasiru ya tambaye shi ko Hedman ne ke sa hannu a littafin 'yan wucin gadi. Sambo ya goya tanki. Ba takalmin roba, ba abin rufe hanci, tankin kuma yana yoyo ta murfi.

To, Litinin ɗin na jingine keke, na tarar Shugaba tsaye a bakin filin da jallabiya, hannuwansa a baya. Bai ɗaga murya ba. Ya amsa gaisuwata, ya ce, "Hedman, me ya sami ciyawata?" Na tsuguna na murza ganyen a hannu, ya ruguje, warin maganin kuma bai gama fita ba. Na ce feshi aka yi. Muna nan sai ga Malam Nasiru, ya tsaya ya yi salati, ya ce shi ma yanzu yake gani.

Ranar Laraba aka zauna kwamitin bincike. Magatakarda ne shugaban kwamitin, sai mai sito, sai shugaban masu gadi. Tunda kuma abin a sashen gyare-gyare ya faru, aka naɗa Malam Nasiru sakataren kwamiti, shi ke rubuta abin da kowa ya faɗa. Ya ajiye biro ya ba da nasa bayanin, ya ce shi dai ya ce wa Sambo ya yi maganin ciyawar, nufinsa da hannu, sannan ya ɗauki biro ya rubuta. Mai sito ya ce ranar ya buɗe sito don shara, mutane suna ta shiga da fita, ba zai iya tuna wanda ya ce a ba da galan ba. Aka kira Sambo. Ya faɗi abin da ya faru sau ɗaya, daki-daki, bai ƙara ba bai rage ba. Aka tambaye shi ko yana da shaida, ya ce Allah.

Sai shugaban masu gadi ya gyara zama. Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma a irin wannan lokaci da ake ciki ya kamata a san su waye ake ɗauka aiki, da daga inda suka fito, musamman wanda zai ɗauki guba ya shiga da ita har ƙofar gidan Shugaba. Ya ce a ganinsa a sanar da hukuma su yi nasu binciken. Kowa ya san abin da yake nufi, kuma kowa ya san a Ƙaura irin wannan magana in ta fita a kan Bafulatani, tana iya kai shi inda ba a dawowa da wuri. Na dubi Sambo, idonsa a ƙasa, yana riƙe da malfarsa.

Ban shirya yin magana mai tsawo ba, amma na miƙe. Na faɗi abin da ya gudana tsakanina da Malam Nasiru ranar Alhamis, kalma da kalma, na ce kuma mutumin nan ko sunan maganin bai iya karantawa ba, balle ya san inda aka ajiye shi. Magatakarda ya tambaya ko akwai wani abu a rubuce. Na ce babu. Ya tambaya ni ina nake ranar Asabar, na ce Zurmi. Ya ce da izinin wa. Malam Nasiru ya ce ya tuna an gaya masa rasuwa, amma bai ga takardar neman izini ba. Gaskiya ya faɗa, ban rubuta ba.

Kwamiti ya yanke hukunci kafin azahar. Sambo, daga gobe kada ya zo. Ni, takardar tuhuma kan barin aiki ba izini. Maganar sanar da hukuma kuwa Magatakarda ya ce a jingine ta tukuna, kuma wannan ita kaɗai ce alherin da aka yi a zaman. Takardar tuhuma, wadda muke kira kweri, ba ta korar mutum ita kaɗai, amma tana zama a fayil, in lokacin ƙarin girma ya zo a buɗe a gan ta. Ni kuwa mataki ɗaya nake jira in yi ritaya a kansa. Mai ɗakina ta ce na faɗi gaskiya na fita haƙƙinsa, yanzu in kama bakina.

Washegari bayan an tashi aiki na je neman Sambo. A wani kango yake zaune da iyalinsa bayan tashar jirgin ƙasa, an rufe tagogin da buhuna. Na tarar bayansa ya saɓule inda tankin ya yi masa yoyo, yatsunsa sun yi fari, yana tari. Bai gaya wa kowa ba. Na goya shi a keke muka je asibiti aka wanke wurin aka ba shi magani. Duk tafiyar bai ambaci Malam Nasiru ba, bai ambaci shugaban masu gadi ba. Muna dawowa ya tambaye ni ciyawar. Na ce ta mutu. Ya ce mun tona mun duba ƙasanta? Ya ce shi ya sha ganin wuta ta cinye fadama ta bar toka, in ruwa ya taɓa wurin kiri-kiri ce ke riga kowa tashi, harkiya kuwa in ta ƙone ta ƙone, sai dai 'ya'yanta.

Ni ma abin ya ɗan zo min a rai tun da na ga galan ɗin. Maganin feshi iri biyu ne a wurinmu. Akwai mai bi ta ganye ya sauka har saiwa, shi sai ya yi mako kafin a ga aikinsa, kuma in ya yi ya gama. Akwai mai ƙona ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ba ya shiga ƙasa. Namu na biyun ne. Abin da ban tabbata ba shi ne ko wadda aka reno a Kaduna tana da taurin kan ta gida. Na faɗa masa haka.

Ya ce, "Kiri-kiri ta, Hedman, ko jirgi ya kawo ta."

Da safe na je da wuƙa na tona wuri uku. Harkiya tana fitowa a hannu kamar tsohon gashi, ta bushe har gindi. Jijiyar kiri-kiri kuwa da na karya ta, cikinta fari ne da danshi. A lokacin na ji an ce Shugaba ya ba da umarni a kankare filin ranar Litinin a mai da tsakuwa, ranar taro a shimfiɗa darduma.

Hedman ba ya zuwa wurin Shugaba kai tsaye, sai ta hannun jami'i, tsallakewa ma laifi ne. Na tsallake. Na jira shi a ƙofar gida lokacin da zai fita ofis, na ce ina da magana uku. Na farko, harkiyar ni na kawo ta da ɗanyen taki. Na biyu, ciyawarsa kiri-kiri ce. Na uku, ba ta mutu ba, in ya ba ni kwana goma sha takwas ɗin da suka rage za ta tashi. Na nuna masa jijiyar a tafin hannuna. Ya dube ta, ya ce:

"Wato abin da na sa aka ɗauko daga Kaduna akwai shi a bayan gidan nan?"

"Akwai shi har bakin gulbi, ranka shi daɗe."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya tambaya in ba ta tashi ba fa. Na ce zuba tsakuwa aikin yini ɗaya ne, ana gobe taro ma za a iya, sai a ƙara min kweri ta biyu. Ya ce ya ba ni. Na kawo maganar Sambo, ya ce wannan aikin kwamiti ne, ba zai sa baki ba.

Mu uku muka rage. Muka bi filin da manjagara muka kwashe busasshen ganye, muka kai shi rami muka binne don kada dabba ta ci. Muka caccaka ƙasar sama-sama, muka barbaɗa ɗan takin zamani, na sa aka rufe wurin da igiya. Sai ruwan sama ya ɗauke, a tsakiyar damina, kwana shida cur. Famfon gidan kuma ba ya kawowa sai da rana ta take. Muka koma jido a baro da jarkoki daga rijiyar burtsatsen masallaci. Kowa ya wuce sai ya tsaya ya ga dattawa uku suna shayar da jar ƙasa. Malam Nasiru yakan wuce ta ɗaya gefen titin.

Kwana bakwai ba komai. Ba zan ɓoye muku ba, na fara lissafin tifa nawa ta tsakuwa za ta isa. Safiyar kwana na takwas na tsuguna na kwantar da kaina kusa da ƙasa na hanga ta gefe, sai na ga wani kore-kore kamar tsinin allura. A ranar da yamma aka yi ruwa mai ƙarfi. Daga nan kullum sai ta ƙaru. 'Ya'yan harkiya ma sun fito, amma ƙanana ne, kuma a fili suke, muna tsince su da yatsa biyu. Ana jibi taro muka bi da injin yanka sama-sama don kan ya daidaita. Ba ta kai kaurin da ba, akwai wurare biyu da ƙasa ke leƙowa, sai muka sa aka ɗora tebur a kan ɗaya, tukunyar fulawa a kan ɗaya.

Ranar taro ina tsaye can gefe kusa da dogon yaro. Bayan an ci abinci shugaban majalisar, wani dattijo mai son shuke-shuke, ya cire takalmi ya taka ciyawar. Ya ce a gidansa harkiya ta hana shi sakat, yaya aka yi nan babu ko ɗaya. Shugaba ya waiga yana neman wanda zai amsa. Kafin ya gan ni Malam Nasiru ya matso, ya yi bayani mai kyau ƙwarai a kan feshi da ban ruwa da yadda saiwa ke farfaɗowa. Dattijon ya ce lallai a rubuta wannan a kawo wa majalisa, wasu makarantu su amfana.

Bayan kwana biyu Malam Nasiru ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in taimaka masa da bayanin yawan ruwa da kwanaki. Na ba shi duka. Na ce amma rahoto irin wannan, tunda wasu za su yi aiki da shi, ya kamata a fara da ranar da aka yi feshin da wanda ya ba da umarni, don a san aikin masani ne, kada a ɗauka wani lebura ne ya yi gaban kansa. Ya ce wannan gaskiya ne, ya rubuta. Na ce a ƙara da gargaɗi cewa dace aka yi, kada kowa ya gwada a kan wata ciyawa. Ya ce wannan zai rage wa rahoton ƙarfi, bai rubuta ba.

Duk rahoton da za shi majalisa ta ofishin Magatakarda yake bi. Ranar da ya isa na je na nemi ganinsa, na roƙe shi ya ɗauko bayanin zaman kwamiti ya ajiye kusa da rahoton. Ya sa tabarau ya karanta wannan, ya karanta wancan, ya koma ya sake karanta na farko. A ɗaya Malam Nasiru bai san da feshi ba, a ɗaya shi ya ba da umarninsa ranar Asabar. Duka biyun rubutunsa ne da sa hannunsa.

Magatakarda ya cire tabarau ya ce, "Hedman, me kake so?"

Na ce a mai da Sambo, a kuma soke maganar sanar da hukuma daga takarda, kada wata rana wani ya buɗe fayil ya gan ta. Ya tambaya ko shi ke nan. Na ce shi ke nan. Daga baya na yi tunanin da na haɗa da kweri ɗina, amma a lokacin bai zo min ba.

Ba a sake zaman kwamiti ba, ba a kuma ba kowa haƙuri ba. An dai aiko a ce Sambo ya dawo ranar Litinin, aka ja layi a kan wancan sakin layin, Magatakarda ya sa hannu a gefe. Rahoto ya tafi majalisa yadda yake, Malam Nasiru ya sami takardar yabo. Kweri ɗina ta zauna a fayil, ƙarin girman ya makara da shekara guda, amma ya zo kafin in tafi.

Sambo ya dawo ya ɗauki baronsa kamar jiya ya ajiye shi. Bayan mako guda muna cikin aiki sai ga Malam Nasiru da leda a hannu. Ya tsaya ya gaishe mu, ya tambayi Sambo jiki, ya daɗe yana kallon wani wuri daban, sannan ya ajiye ledar ya ce kayan aiki ne, ya tafi. Takalmin roba ne sabo da safar hannu, kuma na san ba daga sito suka fito ba. Sambo ya gwada, sun yi masa yawa kaɗan. Ya cusa tsumma a ciki ya ci gaba da aiki. Ya yi shekara biyu tare da mu, sannan wani ɗan'uwansa ya ba shi kiwo a wajen Shinkafi, ya tafi.

Abin da nake so ku ɗauka, na farko dai kada wanda ya feshe filin ciyawa da maganin share gona don ya ji wannan labari. Harkiya da hannu ake cire ta tun tana ƙarama, a bar ciyawar gida ta yi ɗan tsawo ta rufe ƙasa, taki kuma a bar shi ya ruɓe. Sannan a aikinmu umarni da baki yake saukowa, laifi kuwa a rubuce yake hawa, kuma kan wanda ba shi da fayil yake fara sauka. In babba ya ce ku yi abin da kuka san ɓarna ne, ku nemi ya rubuta, in ya ce takarda ta ƙare ku yago masa daga littafinku. In kun zama hedman, kada ku yi tafiya ba ku gaya wa mutanenku abin da ba za su taɓa ba ko wa ya ce, don ni ban gaya wa Sambo ba, kuma bayansa ne ya saɓule, ba nawa ba.